Lambar Waya: Gidan Hayar Da Muka Tara Dukiyarmu A Ciki

Wannan makon ni layi ya zo kaina a wannan fili. Na san wasu sun sa ran jin batun gina taurari ko ƙa'idojin rubutu kamar yadda aka saba, to ku yi mini afuwa, akwai malamaina a nan da suka fi ni bakin magana a kan waɗannan. Ni ɗan abin da na karanta a poli kwamfuta ce, difloma kawai, kuma a kanta zan tsaya.

Watannin baya wata ƴar ƙungiyarmu, ba zan kama suna ba, tana tsaka da taifin wani littafinta na kuɗi sai aka kira ta. Mai kiran ya yi sallama cikin ladabi, ya ambaci sunan alƙalaminta, ya ce daga kwamitin shirya wani taron marubuta yake, za a yi zama ta intanet bayan isha'i. Ya ce an turo mata lambar shiga taron, ta karanto masa ya tabbatar da sunanta. Ta duba, ga saƙo kuwa ya shigo, lambobi shida. Ta karanto masa. Ko ajiye wayar ba ta yi ba WhatsApp ɗinta ya fita.

Abin da ya faru ba tsafi ba ne, ba kuma wata gwanintar kutse ba. Mutumin ya buɗe WhatsApp a tasa wayar ya sa lambarta, manhajar ta tura lambar tantancewa zuwa layinta kamar yadda take yi wa duk mai sabuwar waya, ita kuma ta miƙa masa da bakinta. Tsofaffin hirarrakinta bai gan su ba, don suna cikin wayarta. Amma zaurukanta duk sun bi shi, har da matsayinta na admin. Kafin gari ya waye ya saki sanarwar ragi a kan littafin da ba ta ma gama rubutawa ba, da lambar asusun da ba nata ba. Ya bi masu karatunta ɗaya bayan ɗaya yana cewa mahaifiyarta na asibiti, a ranta mata kafin gobe. An tura kuwa, saboda suna ƙaunarta.

Da ta zo wurina washegari muka sake rajistar layin, aka turo sabuwar lamba, muna sawa ya fita daga asusun. Sai dai ya riga ya ɗora nasa makullin, wato lambar sirri ta mataki na biyu, wadda ita ba ta taɓa sawa ba. A ƙa'idar WhatsApp in haka ta faru sai mai layi ya jira kwana bakwai. Haka ta zauna mako guda tana bin mutane da kira tana rantse-rantse.

Tun ranar nake ƙirga abubuwan da muka rataya a kan lambar waya guda. Zauren masu karatu, shafin Facebook, Gmail ɗin da labaranmu ke ajiye, asusun bankin da ake biyan kuɗin littafi, har shafin Wattpad ta hanyar imel ɗin da ke jingine da layin. Duk ranar da ka manta kalmar sirri, ina ake turo maka ta ceto? Layinka. Ke nan duk wanda ya riƙe layin nan ya riƙe makullin kusan kowace ƙofa. Abin da ya fi damuna kuma shi ne layin ba mallakinmu ba ne. Haya muke.

Mutane da yawa ba su san haka ba. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC, layin da ya yi wata shida babu kira, babu saƙo, babu data, kamfani na iya rufe shi, in kuma aka ƙara wata shida a haka mai shi na iya rasa lambar gaba ɗaya, a sake sayar da ita ga wani. Ni kaina na ɗanɗana. Layin da na yi makaranta da shi na jefa a durowa bayan na sayi wani, na manta da shi aka buɗe tsohon Facebook ɗina, inda gajerun labaraina na farko suke, waɗanda ba ni da kwafinsu a ko'ina. Ranar da na tashi nema kalmar sirri ta ɓace mini, aka ce an tura lamba zuwa layin. Na kira layin, wani dattijo ya ɗauka da muryar barci yana tambayar wa nake nema. Ya sayi layinsa da kuɗinsa, ba shi da laifi. Allah Ya sa mutumin kirki ne, ya karanto mini lambar. Ku lura da kyau, abin da na roƙe shi ya yi mini shi ne daidai abin da ɗan damfarar can ya roƙi ƴar uwarmu. Da shi ne ya so shiga asusuna, da babu abin da zai hana shi.

Ba rashin amfani ne kaɗai ke raba mutum da layinsa ba. A Disambar 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, a Afrilun 2022 kuma aka toshe kira a layuka sama da miliyan 70 da ba su haɗa ba. Ƴan uwanmu na Zamfara ba za su manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse sadarwa a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ba hujjar yin hakan nake tattaunawa ba, wannan wani zance ne. Abin da nake nunawa shi ne, akwai hannaye da yawa a kan layin nan bayan naka, kuma babu wanda zai tambaye ka ko kana tsakiyar littafi.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar marasa wayewa ce. A Agustan 2019 an ƙwace shafin Twitter na Jack Dorsey, shugaban kamfanin Twitter ɗin kansa a lokacin, ta hanyar mayar da lambarsa kan wani sim daban. A Janairun 2024 irin wannan dabara aka yi wa shafin hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, aka wallafa sanarwar ƙarya a kan Bitcoin har farashinsa ya yi tsalle na ɗan lokaci. Abin da muke kira welkom-bak ne, sai dai ɓarawo ne ya je ya yi da sunanka. A nan gida yanzu ya ɗan yi wuya tunda ana neman NIN da hoton yatsa, amma ɓarayinmu ba sa ma buƙatar wannan wahalar. A ƙwace waya a cikin adaidaita, a zare sim a sa a ƴar ƙaramar waya, shi ke nan. Duk makullin fuska da na yatsa da ka sa wa babbar wayarka ba su shafi sim ba. Da layin kaɗai ana iya kiran lambar BVN, a gwada tura kuɗi ta lambobin banki, a karɓi saƙon tantancewa na duk inda ka jingina.

Sim yana da nasa makullin, lambobi huɗu, yana nan cikin saitin wayarka tun ranar da ka saye ta. A taron ƙungiya na tambayi waɗanda suka sa, hannu biyu na gani, ɗaya nawa ne. In za ka sa, ka fara nemo katin da sim ɗin ya zo a jiki, don akwai lambar PUK a kai. Kuskure uku a jere sim zai kulle sai da ita, ita ma in aka yi kuskure goma sim ya mutu.

To duk wannan kanmu ya shafa, kuma wanda ya yi sakaci da nasa shi ya jiyo. Inda na fi so mu tsaya shi ne lambobin da ba namu ba, waɗanda ke hannunmu.

Ku dubi yadda muke sayar da littafi. A saki shafukan kyauta, a zo daidai inda labari ya ɗau zafi a tsaya, a ce mai son ci gaba ya tura ɗari biyar ko dubu, ya turo hoton shaidar biya, a sa shi a zaure. Zauren WhatsApp yanzu yana ɗaukar mutum 1,024, kuma kowa a ciki yana ganin lambar kowa. Su wa ke ciki? Mu faɗi gaskiya, mafi yawan masu karatunmu mata ne, matan aure da ƴan mata, har da waɗanda da wayar mama suke karatu. Ke nan duk wani ƙato da ya biya ɗari biyar, ko bai karanta layi ɗaya ba, ya sayi lambobin mata ɗaruruwa a farashin da bai kai kwanon abinci ba. Ya sa lamba a Truecaller suna ya fito, ya duba hoton da ke kan asusun, ya ga sharhin da take yi ya gane halinta, ya san ƙarfe nawa take kwana. In kuma marubuciyar irin masu cewa a turo shaidar biya cikin zaure ce, to ga cikakken suna na gaskiya, ga banki, wani lokaci har da ragowar kuɗin da ke asusu. Daga nan sai a fara: “Salam, na ga lambarki a gurup ɗin Anti wance.” Wace ce a cikinmu ba ta taɓa samun irin wannan saƙon ba?

Abin da ke ba ni mamaki, babu shafin da muke saki ba tare da gargaɗi a samansa ba. Wanda ya fitar mini da littafi ban yafe ba, wanda ya karanta bai biya ba shi da Allah, wanda ya juya mini labari mu haɗu a kotu. Haƙƙinmu ne, ban ce a daina ba, guminmu ne ake sata. Amma ban taɓa ganin wanda ya rubuta cewa duk wanda ya ɗauki lambar mai karatuna daga zauren nan ban yafe ba. Mun san zafin a fitar mana da shafi, ba mu san zafin a fitar da mutum ba.

Na sha jin ana cewa ai WhatsApp a rufe yake, ko kamfanin ba ya iya karanta saƙo. Gaskiya ne, tun 2016 saƙonni ke tafiya a kulle daga wayar mai turawa zuwa ta mai karɓa. Amma kullen yana tsare saƙo ne a kan hanya. In masu karɓa dubu ne, kuma ba ka san ɗari tara daga cikinsu ba, me aka kulle? Kamar ka sa wasiƙa a ambulan ka liƙe da kyau, ka kai ta tsakiyar kasuwar Kurmi ka buɗe ka karanta da lasifika.

Wasu kuma su ce, ni ba ni da abin ɓoyewa. Wannan maganar namiji ce mai zaman kansa, kuma ko shi bai yi tunani ba. Matar da mijinta zai ga baƙuwar lamba tana turo mata kalaman soyayya da ƙarfe ɗayan dare, ita ma ba ta da abin ɓoyewa, amma sai ta yi bayanin da wataƙila ba za a saurara ba. Yarinyar da ke rubutu da sunan alƙalami don gidansu ba sa son a san tana rubutu, ba laifi take yi ba, amma hoton shaidar biya ɗaya ya isa ya haɗa sunan nan da sunan mahaifinta. A al'adarmu ma ai ba don ana aikata laifi a cikin gida ake yin zaure da labule ba.

Su ma manyan kamfanonin da muka dogara da su kwandonsu na yoyo. A Afrilun 2021 an watsa bayanan masu Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106 kyauta a intanet, mafi yawa da lambobin waya haɗe da sunaye, kusan miliyan tara ƴan Najeriya ne, kuma lambar Mark Zuckerberg kansa na ciki. A 2020 an sace bayanan asusu kusan miliyan 270 daga Wattpad, inda da yawanmu muka fara. Kalmar sirri in ta fita sai ka canza cikin minti ɗaya. Lamba kuwa, wadda dangi da abokan kasuwanci da banki suka sani shekara goma, ba a canza ta haka nan. Shi ya sa in mai kira ya ambaci sunanka da garinku kada ka ɗauka ya san ka.

Akwai doka yanzu. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, aka kafa hukumar NDPC, a Yulin 2024 kuma hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan ƴan ƙasa. Na ga yadda muka yi ta yaɗa labarin muna murna an taka babba. Ni dai dariya na yi, don dokar nan ba ta tsaya kan Meta ba. Abin da ta keɓe shi ne bayanan da mutum ke riƙewa don harkar kansa da gidansa kawai. Wanda ke karɓar kuɗi, yana tara sunaye da lambobi da shaidun banki na mutum ɗari bakwai, wannan kasuwanci yake yi, ko da daga kan katifarsa yake yinsa. Babu wanda zai zo ya kama ku gobe, na sani. Amma tun kafin majalisa ta zauna muna da sunan wannan abu a Hausa, amana.

Zan yi wa masu ja da ni adalci. Za su ce masu karatu a WhatsApp suke, can data ta fi araha, can ake samun sharhin da ke ƙara wa marubuci ƙarfin gwiwa, kuma zauren da ake hira shi ke sayar da littafi na gaba. Duk gaskiya ne. Ni ma ba zan ce a tashi a bar inda kasuwa ke ci ba. Abin da nake cewa shi ne a raba wurin karatu da wurin hira. Wanda ya biya kuɗin littafi, littafi ya saya, bai sa hannu a nuna lambarsa ga duniya ba. Ana iya tura shafuka ta jerin aikawa na WhatsApp, wanda ke ɗaukar mutum 256, kowa saƙon ya je masa shi kaɗai, matuƙar ya ajiye lambarka. Tashar Telegram ta sirri ma masu bi ba sa ganin juna. Talla da shafukan kyauta a sa su a tashar WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, ita ma ba ta nuna lambobin mabiya. Zauren sharhi kuma ya zama na ganin dama, a faɗa wa mutum ƙarara cewa in ya shiga za a ga lambarsa, a kuma kunna saitin da ke sa sai admin ya amince kafin a shigo. Shaidar biya ta tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa, in an tabbatar a goge. Aiki ne ƙari, ban musa ba, musamman ga mai taifin da babban yatsa tana goyo.

Namu ɓangaren kuwa bai kai wahalar rubuta shafi ɗaya ba. Lambar sirri ta mataki na biyu a WhatsApp tana nan tun 2017, a sa ta, a haɗa da imel. Da ƴar uwarmu ta sa, da lambobi shidan da ta karanto ba su ishe shi ba. Gmail da Facebook duk suna ba da damar a daina dogaro da saƙon waya a koma manhajar tantancewa irin Google Authenticator, suna kuma ba da lambobin ko-ta-kwana da za ka rubuta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta. Mai hali ya ware layin kasuwanci daban da wanda banki ya sani, kuma kada ya bari ɗayansu ya kwanta. Kowane zaure ya samu admin na biyu amintacce, wanda zai iya cire ka in ya ga kana maganar da ba taka ba. Sannan kowace irin lamba ta shigo wayarka, ko da muryar shugaban ƙungiya aka kira ka, ba a karanta ta ga kowa.

Rubutun kansa ma kada ya kwana wuri ɗaya. Waɗanda suka sa littattafansu a OkadaBooks sun tuna yadda ya rufe a ƙarshen Nuwambar 2023. Google ma tun Disambar shekarar ya fara goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Na san marubucin da littafinsa na shafi tamanin ba shi da wani kwafi sai abin da ya tura a zaure. Ka tura wa kanka ta imel, ka sa a filash, in da hali ka buga a takarda ko da kwafi ɗaya ne.

Ƴar uwarmu ta dawo asusunta a kwana na takwas. Kuɗin da aka karɓa da sunanta ta biya wasu daga aljihunta, wasu suka yafe. Littafin ma ta gama shi. Amma lambobin zaurukanta suna hannun mutumin can har yau, kuma babu saitin da zai dawo da su. Ɗaya daga cikin tsofaffin masu karatunta, wadda ke bin ta tun littafin farko, ta kira ta da wata lamba daban ta ce a cire ta daga ko'ina, maigidan ya ga saƙonnin da ake ta turo mata ya karɓe wayar.

Na rubuta wa shugabannin ƙungiyarmu cewa a zama na gaba a ba ni minti talatin kafin a fara karatun gajerun labarai, kowa ya zo da wayarsa da katin sim ɗinsa in yana nan, mu sa makullan nan tare. Ƴan sauran ƙungiyoyi da ke nan, in kuna so ku yi irinsa ku faɗa a sharhi, zan rubuto matakan ɗaya bayan ɗaya in saka a ƙarƙashin wannan rubutu. Don Allah kada kowa ya ajiye lambarsa a wurin.